Minshari da Ido Buɗe

Ɗaki na huɗu, kason Tawa.
An gina shi don mutum goma sha biyu,
mu arba'in ba ɗaya ne a ciki.
In ɗaya zai juya, sai duk mu juya tare.

Ni Nomau, rigimar kuɗin albasa ta kawo ni.
Shekara uku, na san farashin komai a nan:
bakin ƙofa, inda iska ke leƙowa, jika biyu;
gindin bokitin fitsari kyauta ne.

Ran Lahadi, ana cin kasuwa a waje, aka turo Tsahiru.
Ɗan Keita, shekara ashirin da biyu,
ɗan kabu-kabu, wai babur ɗin na sata ne.
Alƙali bai ko gan shi ba.
Babu kwanon da zai zo masa daga gida.

Sarkin ɗaki ya dube shi duban mahauci ga rago.
Ya ba shi rabin sabulu.
Ya ba shi shayi, har da sukari.
Ya ce, matso nan, nan da iska.
Duk mun san abin da ake biyan bashin kura da shi.
Ba wanda ya yi ko tari.

Ƙarfe shida gardi ya danna kwaɗo ya tafi.
Ƙwan lantarki ya mutu tun azumin bara.

Da dare ya raba, na ji.
Kamu uku ne tsakanina da su.
Na ji tafin hannu ya rufe baki,
na ji ana kiran inna ta tsakanin yatsun wani.
Ni mai furfura, ni mai jan sallar asuba,
na ja minshari da idona buɗe.
Mu talatin da takwas,
barci ya yi mana nauyi a daren nan.

Da safe bai ci ba.
Yana tafiya kamar mai taka ƙaya.
Ya wanke wandonsa sau uku da sabulun nan.
Wani ya laƙa masa suna, sunan ya bi shi har famfo.
Na ta da salla, Fatiha ta tsaya mini a wuya.

Kwana tara ina tauna shiru.
Na goma na riƙe kunci, na ce haƙori.
Majo Zuwaira ta ce wa gardi, jira a waje,
ta tura ƙofa da ƙafa.
Na ce, ba haƙori ba ne.
Ta ajiye alƙalami, ta bar ni na kai ƙarshe.

Ba ta kira shi shi kaɗai ba.
Mutum shida ta rubuta, wai gwajin tari,
don kada a ƙirga a gane.
Ina wanke mata bene na tsinci maganarta:
Kunyar nan ba taka ba ce, ɗana,
mai ita na can yana hura gawayin shayi.

An ɗauke sarkin ɗaki ran Alhamis.
An sa sabon ƙwai, ga waya ta kare shi.
Baƙi yanzu ɗakinsu daban har a san su.
Gardi na zagaye da tocila, in ya tuna.
Akwai akwatin katako kusa da famfo,
makullinsa a wuyan majo;
rabinmu ba mu iya rubutu ba,
sai ta ce a jefa ko tsinke, za ta neme mu.

An riga an naɗa wani sarki.
Bakin ƙofa ya koma jika uku.
Ni an ce mini ɗan rahoto,
tabarmata na gindin bokiti.

Tsahiru ya fara cin tuwo.
Ba ya gaishe ni, ban kuwa nema ba.
Ya san minsharin kowa a ɗakin nan,
ya san nawa na gaske ba haka yake ba.